Matar Ƙarfen da ke Bisa Ƙofarmu

Jikata ce ta tono maganar, ita da ke can Sifaniya tana jinyar wani tsoho a wani ɗan ƙauye. Takwarata ce, saboda haka ba ta jin tsorona, kuma duk Lahadi bayan an taso daga coci sai ta kira ni a waya mai hoto, ta yi ta yawo da ni cikin ƙauyen kamar na roƙe ta. Ta nuna mini titunansu na dutse, da gidajen da masu su suka kulle suka tafi birni, da makarantar da ta koma wurin ajiye tarkace don babu yaran da za a koyar. Na ce mata wannan ai kufai ne, me ya kai ta zama a kufai? Sai ta ɗaga wayar saitin ƙofar ɗan ofishin da dattawan garin ke zama, ta nuna mini tambarinsu da aka sassaƙa a jikin dutse. Akwai hasumiya wadda rabinta ya rushe, akwai itacen zaitun, akwai tunkiya a gindinsa. Ta ce tsohon da take kula da shi yakan manta ko ya sha magani, wani lokaci har sunanta yakan ɓace masa, amma in aka turo kekensa gaban wannan dutse sai ya zayyana maka dalilin kowane abu da ke ciki, daga faɗan da ya ci rabin hasumiyar har yadda kakanninsu suka rayu da gashin tumaki da man zaitun. Na tambaye ta me ya hana mai sassaƙar ya gyara hasumiyar, tunda guduma a hannunsa take. Ta ce ita ma ta taɓa yi wa tsohon wannan tambayar, ya dube ta kamar ta zage shi, ya ce ai haka hasumiyar take.

Ta ce ranar bikinsu na shekara sukan fito da tutar garin, tsoho ɗaya ya riƙe sandar, sauran su biyo shi suna dogarawa, su zaga garin da bai kai girman kasuwar Sabon Tasha ba, su dawo su zauna su ci abinci. A irin wannan rana ce tsohon nata ya juyo ya tambaye ta, su kuma mene ne a jikin tambarin nasu garin. Shi ne ta kira ni ta ce, “Kaka, mu fa, mene ne namu?” Na ce mata layin ba kyau, zan neme ta daga baya. Layi lafiyarsa lau. Amsa ce ba ni da ita, kuma abin ya dame ni har na kasa cin abincin rana.

Su garinsu mutane ne suka watse suka bar shi, ya zauna da tutarsa da dutsensa. Mu namu mutane ne suka cika shi har ya nutse, muna ciki muna kallo. Mu Gbagyi ne, waɗanda ake ce wa Gwari, kuma tun kafin birni ya tsallako kogi ya haɗiye ƙauyukan wannan gefen, kakannina suna nan suna tada kunyar doya. Inda mai sayar da tayoyi ya kafa rumfa yanzu, nan rumbunan kawuna suke a jere, masu hular ciyawa. Inda ’yan keke ke yin layi suna zagin juna, fadama ce, da damina kwaɗi ne ke da bakin magana a wurin. A da abin da ke tashin mutum da safe sautin taɓarya ne, gida ya amsa wa gida, har kana iya gane wace ce ta makara da wace ce ke daka cikin fushi. Sai zabi su ɗauka, sai kuma kukan jirgin ƙasa daga wajen Kakuri in iska ta juyo ta nan. Daga baya ne jiniyar masaƙa ta shigo cikin safiyarmu, muka saba da ita, ita ma ta zo ta yi shiru. Yanzu janareta ne ke tashina, da lasifikar coci uku da ke gasar wanda zai fi kusa da kunnen Allah. Muna yara mu ne tsintar ɗorawa, mu ne kwasar kaɗanya tun raɓa ba ta bushe ba, mu ne korar tsuntsaye a gonar dawa da gwangwani da tsakuwa. Ba zan ce daɗi kawai muka sha ba, don ƙaya ta sha ƙafata, yunwa kuma ta san hanyar gidanmu. Amma mun san ko’ina da sunansa, kowane dutse, kowane rafi, ba mu buƙatar allo ya faɗa mana inda muke.

Abin da kowa ya san mu da shi kuwa shi ne macen Gbagyi ba ta ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa muke ɗauka. Ƙwarya ce babba, ko akushi, a ɗora ta daf da wuya, a ɗan kau da kai gefe, hannu ɗaya ya tallafe. Doya, itace, tulun ruwa, tukwanen da muka gina za mu kai kasuwa, duk nan suke hawa. Yarinya tana fara tafiya da ƙarfi za a ba ta ’yar ƙwaryarta, ta bi uwa rafi tana zubar da rabin ruwan a jikinta. Da farko wurin yakan yi ja, ya kumbura, ki yi kuka a ɓoye. In an jima sai fata ta yi kanta, ta yi baƙi, ta yi tauri, daga nan ke da kaya kun zama ’yan gida ɗaya. Har yau tawa tana nan a kafaɗar dama, in ina wanka nakan taɓa ta. Uwata takan ce kai shi ke ɗauke da tunanin gida gaba ɗaya, wa zai ci, wa ke kwance ba lafiya, yaushe za a yi shuka, saboda haka rashin kunya ne a ƙara masa doya a bisa. Ba a littafi ta karanta ba, haka ta ji daga tata uwar, kuma in tana faɗa ba ta wasa.

Ba a bar mu mun yi abinmu cikin kwanciyar rai ba. In mun tsallaka gada da itace da doya za mu kasuwa, yara sukan biyo mu sun karkace wuya, sun ɗage kafaɗa ɗaya, suna kwaikwayonmu. Manya ma sukan yi dariya, su saye doyarmu da arha, su kuma kira mu ’yan ƙauye a cikin ciniki ɗaya. Ni a lokacin jinina na tafasa, nakan so in ajiye kayan in ɗauki dutse. Uwata ko waiwaye ba ta yi. Takan ce in bar su, in sun gama dariya doyar nan dai za su dafa.

Ranar da na ga ainihin uwata ita ce lokacin da aka zo yin babban titin nan da ya ratsa gonakinmu. Na zama budurwa a lokacin. Tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, sabon abinci bai nuna ba, irin lokacin da uwa ke cewa ta ƙoshi alhali ba ta ci ba. Sai aka ce ɗan kwangila na neman mata masu kwasar ƙasa. Muka fita kusan duk matan ƙauyen, aka ba kowa kwanon ƙarfe, wanda ake ce wa kwanon sarki, muka shiga aiki. Mu dai a kafaɗa muka ɗora, muna tafe a jere muna waƙa, ƙasa tana isa inda ake so ta isa. Shugaban leburorin wani dogo ne baƙo, mai hular kwano da usur a wuya. Ya ce ba haka ake yi ba, kwanon na ka ne, manya za su zo duba aiki, ba zai yarda su tarar da mata a karkace kamar masu ciwon wuya ba. Ya sa aka kawo tsummoki a yi gammo. Ba wadda ta taɓa su. Ya busa usur, ya yi ta faɗa, muka ci gaba da tafiyarmu. Sai ya tako ya tare gaban uwata, don ita ce a gaba, ya sa hannu biyu ya ɗauke kwanon daga kafaɗarta, ya ɗora mata a ka da hannunsa, har ƙasa ta zubo mata a fuska.

Waƙa ta tsaya. Ina bayanta, ina ganin jar ƙasa tana gangarowa ta bayan kunnenta. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta sauke kwanon a hankali, ta juye ƙasar a kan takalmansa, ta kife kwanon a gabansa, ta share fuska da gefen zane. Hausarta ba ta da yawa, amma ta ishe ta ranar. Ta ce, “Na zo in sayar maka da ƙarfina ne. Kaina ba na sayarwa ba ne.” Ta juya ta kama hanyar gida. Sai na ji ƙarar kwanoni a bayana, ɗaya bayan ɗaya ana kifewa, har da nawa, ban ma san lokacin da na kife shi ba. Zan so in ce mutumin ya biyo mu yana ba da haƙuri, amma bai zo ba. Mota ya aika aka kwaso masa wasu matan daga wani wuri, aka gama titi ba mu. Daminar nan mun sha miyar ganye ba tuwon kirki, ƙanena ya rame har idonsa ya faɗa, wasu mazan suka yi ta gunaguni wai taurin kan mace ɗaya ya jawo wa gari yunwa. Uwata ba ta taɓa cewa da ta sani ba. Da aka zuba kwalta, ita ce ta fara hawa titin da doya a kafaɗa, ta bi tsakiyarsa har gada.

Titin nan shi ya kawo mana duniya. Aka zo daga kudancin jiha, aka zo daga Filato da Binuwai da Nasarawa, masu aikin masaƙa, ma’aikatan gwamnati, ’yan kasuwa, daga baya kuma waɗanda rigingimu suka koro daga wancan gefen kogin da ’yan kayansu a hannu. Mun ba su fili, wani an sayar, wani kyauta, wani kuma an wayi gari ne kawai an ga katanga. Ba na ƙin kowa a cikinsu. Tare muke zumuntar mata, tare muke kukan mutuwa, ’ya’yanmu sun auri juna har ba a iya rabewa. Amma a hankali muka zama ’yan tsiraru a kan kabarin iyayenmu, ’yan matanmu suka koma ɗaukar bokiti a ka kamar kowa, na ƙarshe da na gani da ƙwarya a kafaɗa a wurin rawar gargajiya ne, an shafa mata hoda, ƙwaryar kuma babu komai a ciki.

To, ana cikin haka ƙungiyar masu gidaje ta unguwarmu ta yanke shawarar a yi get, wato babbar ƙofa, a bakin layi saboda tsaro, a kuma kafa tambari a bisansa kamar yadda manyan unguwanni ke yi. Ɗana na fari shi ne sakataren ƙungiyar, uban takwarar tawa, mutum mai son takarda da biro a aljihun gaba, ya yi aikin ofis har ya yi ritaya. Ni Sakatare nake kiransa in ina son in tsokane shi. Da na ji batun tambari sai na ga Allah ne ya kawo mini amsar da zan ba jikata. Na kira shi na ce a sa mace da ƙwaryarta, don matan nan su suka ciyar da wannan wuri tun ba shi da kwano ko ɗaya a rufi. Ya ce shawara ce mai kyau, zai kai gaban kwamiti. Ya dawo ya ce an amince, za a yanka ta da ƙarfe, a sa fartanya a gefe ɗaya, doya a ɗaya gefen. Na yi murna har na kira yarinya na ce ta gaya wa tsohonta ya saurara, namu na nan tafe, kuma namu na ƙarfe ne.

Ranar buɗewa na ɗaura zanen da nake ji da shi. An kafa rumfa, an yi addu’a, ciyaman ya yi dogon jawabi, sannan aka ja ƙyallen da ya rufe tambarin. Mutane suka tafa. Na ɗaga kai na ga mace baƙa ta ƙarfe, doguwa, kyakkyawa, ga fartanya ga doya, ga ƙwarya zaune daram a tsakiyar kanta, har da gammo. Wallahi sai na ji kamar jar ƙasar nan ce ke gangarowa ta bayan kunnena. Ban tafa ba, ban ci shinkafarsu ba, na tashi na koma gida.

Da yamma ya shigo yana fara’a, yana tambaya ko gajiya ce ta sa na tafi da wuri. Na zaci zai ce mai walda ne ya yi kuskure, da na yafe. Na tambaye shi wa ya ce a sa kayan a ka. Ya gyara zama, ya ce shi ne.

“Mama, unguwar nan yanzu ta kowa ce,” in ji shi. “In aka sa a kafaɗa, za a ce get ɗin Gwari ne. Kin san abin da na sha a makaranta? Kullum sai an karkace wuya an bi ni a baya ana kiran sunanki. Ba na so a yi wa jikokina haka.”

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba, don ban taɓa sanin ya riƙe wannan abin a ciki har furfura ta fito masa ba. Amma tausayi bai hana ni faɗa masa gaskiya ba. Na ce, “Shugaban leburorin nan baƙo ne, bai san mu ba, ya ɗora wa kakarka kaya a ka sau ɗaya, ta sauke. Kai ka sha nonon gidan nan, ka ɗora mata da walda yadda ba za ta iya saukewa ba.” Ya ce ai ƙarfe ne kawai, in daina ɗaukar abu da zafi. Na ce to, tunda ƙarfe ne kawai, ni ba zan bi ta ƙarƙashinsa ba. Ya yi dariya, ya ɗauka irin maganar tsofaffi ce da ke wucewa da an kwana biyu.

Unguwarmu hanya ɗaya gare ta ta mota, ita ce ta get. Amma akwai wata ta baya, a bi ta gefen garejin makanikai, a tsallaka babbar kwata a kan katakon da aka gitta, a hau tudu, a zagayo ta bayan makarantar firamare kafin a fito titi. Mai ƙafa lafiyayya ma yana jin ta, balle ni da gwiwoyina ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Nan na koma bi. Coci, asibiti, kasuwa, gaisuwar mutuwa, duk ta kan katako. In na hau keke daga Sabon Tasha, ana zuwa bakin get sai in ce a sauke ni, in kama sandata in zagaya. ’Yan keke suka san ni, suna hango ni sai su ce ga Kaka mai zagaye. Makanikai tun suna dariya har suka koma ajiye mini benci in huta. Damina ta shigo, katako ya yi santsi, ruwan kwata ya taso baƙi yana wari. Na taɓa zamewa na zauna daɓas a cikin taɓo da zanen coci, na tashi na koma gida na sake wani, na sake biyowa ta nan ɗin dai.

Fasto ya zo har gida ya yi mini wa’azin haƙuri da tawali’u. Na ba shi kujera, na ba shi ruwa, na saurare shi har ya gama, na ce na gode, ranar Lahadi kuma ya hango ni ina hawowa tudu. Wadda maganarta ta fi shiga jikina ita ce maƙwabciyata, ’yar Binuwai mai sayar da garin rogo, wadda muka fi shekara talatin muna ba juna gishiri ta kan katanga. Ita ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta ce, “Mama, mu da muke ɗauka a ka fa, ba mutane ba ne? Uwata a ka ta ɗauki rogon da ta rene ni da shi.” Na ce mata mutane ne ƙwarai, kuma in na je garinsu na tarar an kafa mace da kaya a kafaɗa a ƙofar gari, ni zan fara riƙe mata tsani ta hau ta cire. Amma nan ba a ce hoton duk wanda ke zaune za a yi ba, an ce tarihin wurin za a sa. In tarihi ne, to a sa shi yadda yake, ko da a karkace yake. Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai yi tsaki ta ce taurin kaina zai kashe ni a kwata. Amma Lahadin da ta biyo baya na tarar da ita tsaye a bakin katako, ta miƙo mini hannu, tana mita har muka kai coci.

Ɗana kuwa abin ya zame masa abin kunya a gari. Ana nuna shi ana cewa ga sakataren da uwarsa ke bin kwata. Ya zo ya yi lallashi, ya zo ya yi faɗa, ya turo matarsa, ya turo ƙannensa. Jikata ma ta kira tana tambaya ina hoton tambarin da na yi alkawari, tsohonta na ta jira. Na ce mata ba a gama ba tukuna. Ni a wurina gaskiya na faɗa.

Sai ’yar kawuna ta rasu, wadda muka kife kwano tare ranar titi, ita ce ta rage da ni a cikin waɗanda suka ga abin da idonsu. Aka fito da akwatinta za a kai coci, aka bi da ita ta get, ta ƙarƙashin matar nan mai gammo. Ni na bi ta katako na same su a can. Bayan an dawo daga binnewa, mutane sun ragu, na kira ɗana tsakar gida, a gaban ƙannensa da matansu, don kada wani ya ce bai ji ba. Na ce ina da wasiyya, kuma ba ta fili ba ce ba ta gida ba. Ranar da na mutu, kada a bi da ni ta get. A bi da ni ta garejin makanikai, a tsallaka da ni kwata a kan katako, a hau da ni tudu. Ya ce haba Mama, wace irin magana ce wannan, ta yaya maza za su tsallaka katako da akwati?

Na ce, “Wannan ku ta shafa. Amma faɗa mini, Sakatare, ranar nan a ina za ka ɗora ni? A ka?”

Na ga ya kai hannu ya taɓa kafaɗarsa ta dama, inda akwatin ’yar kawuna ya zauna ɗazu, don yana cikin waɗanda suka ɗauka, har rigar ta yi datti a wurin. Na ce masa duk abin da mutum ke girmamawa a nan yake ɗora shi, shi ma ya sani, yau ma ya yi. Ya tashi ya fita bai yi sallama ba.

Yadda ya ƙare da ’yan kwamiti ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ji an yi mitin an yi hayaniya, wani ya ce in aka biye wa kowace tsohuwa sai an sake get duk wata, ciyaman ya yi fushi ya ce ba ruwansa. Wata safiya ina shara sai na ji ƙarar injin yankan ƙarfe daga bakin layi. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce in ajiye tsintsiya in zo in ga abin da taurin kaina ya haifa. Na tafi a hankali, na tsaya daga ciki, nesa kaɗan. Mai walda na bisa tsani da baƙin gilashi a fuska, tartsatsi na zuba, ɗana na ƙasa ya riƙe masa tsanin da hannu biyu, da biron nan nasa a aljihu. Aka yanke ƙwaryar, aka ɓalle gammon aka jefar, aka sauko da ita daf da wuya aka liƙa. Mutane sun taru, wasu na dariya, wasu na gunaguni, har yau ma akwai masu cewa an ɓata musu get. Su ta shafa.

Da mai walda ya sauko, ɗana ya tako wurina yana share zufa, bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce aikin bai yi kyau sosai ba, inda aka liƙa ya yi tudu baƙi a kafaɗar, amma gobe za a kawo injin gogewa a daidaita wurin, a shafa fenti, ba wanda zai gane an taɓa.

Na ɗaga kai na duba. Ga shi nan kuwa, dunƙule baƙi mai kaushi, daidai inda ƙwaryar ta zauna. Na ja wuyan rigata gefe a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba, na kama hannunsa na ɗora a kan tawa kantar. Na ce, “Kada wanda ya goge. Haka take.”

Ya daɗe bai janye hannun ba. Sannan na ce ya ciro wayarsa ya ɗauka ya aika wa ’yarsa, ta kai wa tsohon nan, ta ce masa ga namu, in yana son dalilin kowane abu da ke ciki ya sa a kira ni, ina nan ban mutu ba. Na gyara rigata, na karɓi sandata daga hannun maƙwabciyata, na bi ta tsakiyar get ɗin na fita titi, kaina a miƙe, babu komai a kansa.